Kayan Barkar Nana A'isha

Shekara talatin da ɗoriya 'Yardada ta yi tana dillanci a cikin birni. Daga Soron Ɗinki, inda take aure, har zuwa Kabara, babu gidan da ba ta taɓa yin sallama a tsakar gidansa ba. Da hantsi take ɗora ƙullinta a ka ta bi lungu. Wannan ta ba ta atamfar da ta gaji da ita a sayar mata, waccan ta ce a nemo mata 'yan kunne kafin bikin ƙanwarta. Tana da baki, tana kuma da ido. In ta ɗaga kwano ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta san ko ya taɓa faɗuwa.

Kwana biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da sojoji suka sa ranar miƙa mulki, Bahijja matar ɗanta Maharazu ta haihu. Cikin bai cika wata takwas ba. Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, hannunta kamar ɗan yatsan babba. Daga ɗakin haihuwa aka wuce da ita ɗakin jarirai aka sa ta a kwalba. Ranar bakwai Malam Abdulbaƙi, mijin 'Yardada, ya raɗa mata suna Nana A'isha a zaurensa, aka yanka rago, mai sunan tana asibiti.

'Yardada ta ajiye ƙulli ta koma barandar ɗakin jarirai da zama. Kullum da safe za ta zo da kunun kanwa a fulas, ta shimfiɗa tabarma cikin sauran kakanni. In an ba ta izini ta leƙa ta taga, sai ta ce, "Ƙawata, kin tashi lafiya? Ki yi sauri ki fito, na ajiye miki awarwaro."

Da yake ba ta iya zama shiru, kafin mako ya zagayo ta san kowa a wurin. Ta san babbar ma'aikaciyar ɗakin, Sista Larai, doguwar mace mai faɗa wadda ba ta barin kowa ya shiga da takalmi. Ta kuma san kayan ɗakin. Akwai wata fitila mai shuɗin haske a kan ƙafafun ƙarfe, wadda ake kwantar da jariran da shawara ta kama a ƙarƙashinta, a rufe musu ido. Guda ɗaya ce tak. Wani lokaci jarirai huɗu ne ke jiranta, a sa wannan awa biyu, a ɗauke shi a sa wancan. In aka ɗauke wuta kuwa, duk su jira.

Nana A'isha ta yi kwana goma sha shida a duniya. Da hantsin wata Alhamis Sista Larai ta fito baranda ta tsuguna gaban 'Yardada, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, sai haƙuri. Ƙawarki ta tafi."

'Yardada ta yi salati. Can ta ce, "Fitilar nan ce ba ta samu ba?"

"A'a. Ta samu rabonta. Huhunta ne bai yi ƙwari ba. Ko fitila goma gare mu, Baba, ba abin da za su yi mata. Na gaya miki ne don kar ki tafi da wannan a ranki."

Maharazu ne ya ɗauke ta a hannunsa, naɗe cikin farin ƙyalle, aka kai ta kafin azahar. Bahijja ta wuce gidan iyayenta a Kabara ta ƙarasa wankan jego. Bayan arba'in ta dawo ɗakinta, ta tarar da kayan barka jibge a bayan ƙofa yadda aka bar su: baho biyu, sabulai, garin wanki, tawul, da riguna da huluna da ba a ko cire su daga leda ba. Ba wanda ya iya taɓa su.

Kwana uku da dawowarta ta zo ƙofar ɗakin 'Yardada ta durƙusa.

"Inna, wata alfarma nake nema."

"Faɗi, 'yar nan."

"Kayan can na ɗakina. So nake ki fitar min da su ki sayar."

"Ki ajiye mana. Ke yarinya ce, Allah zai kawo wani."

"In ya kawo, a sai masa nasa. Waɗannan nata ne." Ta murza bakin zaninta. "Kuɗin kuma ba na so su shigo ɗakina. Ki je wajen Sista Larai ki tambaye ta abin da ɗakin nan yake buƙata. Inna, kin tuna matar nan ta gadon kusa da ni, wadda ta zo daga ƙauye? Tun safe take tsaye a taga tana jiran a ɗauke tawa a sa nata. Ni kuma ina addu'a kar a ɗauke. Abin nan ya tsaya min a rai."

'Yardada ta dube ta. Tun da aka kawo yarinyar nan gidan ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba.

"Tashi ki je," in ji ta. "Gobe zan je."

Sista Larai ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce abin da suka fi buƙata fitila ce ta biyu, da ƙaramin janareta na ɗakin shi kaɗai. Ta ce ƙafafun fitilar ba wani abu ba ne, ƙarfe ne kawai. Ƙwayayen ne masu tsada, don ba irin na gida ba ne, sai an yi saƙonsu daga Legas. Da ta faɗi kuɗin, 'Yardada ta riƙe haɓa. Ta san abin da kayan barka za su yi a kasuwa, ko kwata ba za su kai ba.

Duk da haka washegari ta ɗaure su ta fita. Gidan farko da ta shiga na Hajiya Hajo ne a Kabara, matar Alhaji Tanko mai fata. Shekara ashirin suna ciniki, kuma ba a taɓa rabuwa ba tare da an yi rantse-rantse ba, don Hajiya Hajo mace ce da za ta taya leshi kuɗin atamfa ko kunya babu.

Bayan an gaisa an yi mata gaisuwar rashi, 'Yardada ta kwance ƙulli. Hajiya Hajo ta ɗaga wata 'yar riga ruwan hoda ta juya ta.

"Na wa ne?"

A sana'arsu ba a faɗar mai kaya. 'Yardada ta buɗe baki za ta ce na wata ce a Yakasai, sai maganar ta ƙi fita.

"Na jikata ne," in ji ta. Ta kwashe labarin duka ta gaya mata, har da matar ƙauye da fitila.

Hajiya Hajo ta ninke rigar ta mayar. Ta tashi ta shiga uwar ɗaki. 'Yardada ta fara haɗa ƙullinta, a zatonta an yi mata kora da hali. Sai ga Hajiya ta fito rungume da jerin kwalla guda shida, masu zanen jan fure, irin na da ɗin nan masu nauyi. Ta dire su a tabarma.

"Ki haɗa da waɗannan."

"Hajiya, kayan aurenki ne fa. Sau nawa ina tayawa kina ce min ko gawarki ba za ta sayar ba?"

"Huɗu na binne, 'Yardada." Ta zauna tana lissafawa da yatsu. "Ilu, kwana tara. Fatima, wata ɗaya. Sani, shi idonsa har ya koma kamar kwaiduwa, aka ce a ba shi jiƙo, aka yi ta ba shi. Ta ƙarshen ko suna ba a kai ga yi ba. Duk kafin in sami ɗana Kabiru."

"Ban taɓa sani ba."

"Wa zai gaya miki? In an kai su an dawo, a ce ki yi haƙuri, shi ke nan. Shekara talatin da biyar ban kira sunan Sani a bakina ba sai yau."

Daga baya Hajiya Hajo ta fyace hanci da gefen mayafi, ta ce, "Kuma kar ki sake ki sayar min da su a wulaƙance. Na san halinki."

Daga wannan gida 'Yardada ta daina ɓoye mai kaya. Duk inda ta shiga sai ta faɗi abin da ke tafe da ita. Wasu su yi mata addu'a su sallame ta. Wata ma ta ce a fitar mata da kayan mamaci daga gida, tana da goyo. Amma gidaje da yawa sai ta ga an tashi an shiga ɗaki. Wata ta fito da turmin atamfa, wata da tukunyar samira, wata da zoben azurfa. Wata tsohuwa mai ƙosai a bakin lungun Soron Ɗinki ta ba ta tabarmar kaba sabuwa, ta ce abin da take da shi ke nan. Kusan kowacce, in ta miƙo kayan, sai ta haɗa da suna da yawan kwanaki. 'Yardada ta san wadda ke ɓoye gwal a cikin tukunya, ta san wadda mijinta ya karye ba a sani ba, amma wannan ba ta taɓa saninsa ba, alhali tana shiga ɗakunan nan tun gashinta yana baƙi.

Cikin kwana goma ɗakinta ya cika har ba wurin shimfiɗa dadduma. Ranar nan Malam Abdulbaƙi ya sallami ɗalibansa na safe ya shigo cikin gida, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tulin kwanuka.

"'Yardada, mene ne nake ji a gari? An ce kina bi gida-gida kina roƙo da sunan jikata."

"Ba roƙo nake ba, Malam."

"To mene ne? Yarinyar nan ba ta da zunubi ko ɗaya. Ba ta buƙatar sadakar kowa. Ita ce ma muke fatan ta cece mu."

"Na sani. Ba don ita ba ne, ita ta huta. Don uwarta ne, da waɗanda ke kwance a ɗakin can yanzu haka." Ta jawo wata tasa ta nuna masa. "Wannan ta matar liman ce. Ka san ta rasa tagwaye kafin ta zo unguwar nan?"

Malam ya ce bai sani ba.

"In dai haka ne, ki kiyaye abu biyu," in ji shi. "Kar ki matsa wa kowa. Kuma kar ki ci la'ada."

"Haba Malam! Ni ce zan ci la'ada a wannan?"

"Na dai faɗa."

Ya juya zai fita, sai ya dawo ya ciro agogon hannunsa, wanda wani ɗalibinsa ya kawo masa daga Makka bai taɓa iya saita shi ba, ya ɗora a kan tasar.

Maharazu kuwa tun ranar da ya dawo daga maƙabarta bai sake tayar da maganar 'yarsa ba. Mai walda ne a Ƙofar Ruwa, ƙofofi da tagogi yake yi. Ya fita da sassafe, ya dawo bayan magariba idanunsa jajir, ya ci tuwo ya ce an gode. Wata safiya yana ƙoƙarin fitar da babur ɗinsa daga soro uwar ta tare shi.

"Auta, nawa ake sayar da ƙarfe irin na ƙafar gadon asibiti?"

"Me za ki yi da ƙarfe, Inna?"

Ta gaya masa. Ya tsaya riƙe da kan babur, yana kallon ƙasa.

"Ita ce ta ce a yi?"

"Ita ce."

"Ba ta gaya min ba."

"Kai ka tambaye ta wani abu tun da ta dawo?"

Ya tura babur ya fita. Amma a ranar bai wuce kasuwa kai tsaye ba. Asibiti ya je da tef ɗin awonsa a aljihu, ya nemi Sista Larai, ya cire takalmi, ya shiga ya auna fitilar nan tsawo da faɗi, ya zana ta a bayan kwalin ashana da wata 'yar takarda. Da yamma da ya dawo, 'Yardada ta ji muryarsu shi da Bahijja a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa har aka kira isha'i. Ta hana kowa ya je ya ƙwanƙwasa musu.

Kayan sun yi yawan da ba za ta iya yawo da su a ka ba. Hajiya Hajo ce ta kawo shawara a tara mata a gidanta a yi gwanjo, ta kuma zaɓi ranar Asabar ɗin da za a rantsar da sabuwar gwamnati. Ta ce ranar Alhaji Tanko da duk mazan gidan za su tafi filin taro tun da safe, don shi ɗan jam'iyya ne, tsakar gida ta zama tasu.

Haka kuwa aka yi. Gari ya cika da jiniya da kiɗa, 'yan acaɓa suna ta zagaye da tutoci, mazan da ba su je fili ba sun taru gaban talabijin a shagon mai shayi. Su kuma mata suka yi ta silalowa ta lungu, biyu-biyu, uku-uku, har tsakar gidan Hajiya Hajo ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar darbejiya aka baje kaya. Wata ta kunna rediyo don a ji rantsuwa, Hajiya ta ce a rage, ba shi ya tara su ba.

'Yardada ta ɗaure ɗankwali ta tsaya a tsakiya. A ranar ta nuna shekara talatin ɗinta ba a banza ta yi su ba.

"Ga samira, ko wuta ba ta taɓa gani ba! Wa zai taya? Ke Fatima, ba ke ce za ki aurar da 'ya bayan damina ba? Taya mana!"

In aka taya da arha sai ta ce, "Albarka! Wannan tayin ko mai shi tana barci ba za ta sallama ba." Mata su kwashe da dariya, wata ta ƙara. Agogon Malam wata amarya ce ta saya wa angonta. Tabarmar mai ƙosai sai da mutum uku suka yi takara a kanta, ta tashi a kuɗin tabarma huɗu, tsohuwar tana gefe tana rufe baki da mayafi.

Da aka zo kan kwalla shida, wata matar ɗan kasuwa daga Ƙoƙi ta taya da daraja. 'Yardada na shirin sallamawa sai aka ji murya daga bakin madafa.

"Na ƙara."

Kowa ya waiwaya. Hajiya Hajo ce.

"Hajiya, naki ne fa," in ji 'Yardada.

"Da nawa ne. Yanzu na kasuwa ne. Na ƙara, na ce."

Matar Ƙoƙi ta ƙara, Hajiya ta ƙara, aka yi ta yi har matar ta ɗaga hannu ta ce ta bar mata. Hajiya Hajo ta sayi kwallayenta da kuɗin da ko a mafarki ba ta taɓa biya wa wani kaya ba, ta kwashe su ta mayar ɗaki tana mita wai an cuce ta. Har da masu hawaye don dariya.

Bahijja tana zaune a gefe kusa da mahaifiyarta, sau biyu 'Yardada ta hango ta tana murmushi. Baho da sabulai da tawul duk sun tafi. Riguna da hulunan ne kawai ba wadda ta taya. Da taro ya watse 'Yardada ta tattara su tana jin nauyin haɗa ido da surukarta.

"Ba komai, Inna," in ji Bahijja. "Ki kai wa Sista. Akwai masu zuwa haihuwa ba su da ko zanin naɗe yaro."

Abin da aka tara ya isa ƙwayaye, amma janareta da sauran aiki. Nan mutanen Ƙofar Ruwa suka shigo. Maharazu bai roƙi kowa ba. Maƙwabcinsa ne a kasuwa, Garba mai injina, ya ga yana haɗa wani abu da ba ƙofa ba ba taga ba, ya tambaya. Kafin la'asar labari ya zagaye layin. Mai bututu ya aiko da bututu, mai fenti ya aiko da farin fenti galan guda, wani ya kawo tayoyin keken marasa lafiya da ya daɗe da ajiyewa. Garba ya ce akwai ƙaramin janareta a shagonsa, a ba shi kuɗin da ya saro shi kawai. Bayan sallar Juma'a 'yan layin suka haɗa abin da ya sawwaƙa suka cika.

Ƙafafun farko da Maharazu ya kai asibiti ba su karɓu ba. Akwai wani dattijo mai gyaran na'urorin asibitin, Malam Isyaku, ya zagaya su sau biyu, ya shafa gefen da hannu, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan ai kejin kaji ka yi. Ka ga nan? Kaifi gare shi, zai yanki hannun ma'aikaciya. Kuma ba a ɗaga shi ba a sauke shi. Jariri ba ƙofa ba ne da za ka auna sau ɗaya ka ce shi ke nan. Wani a kwalba yake, wani a gado."

Maharazu ya ji zafin maganar, don ba a saba mayar masa da aiki ba. Ya ɗora kayansa a kura ya koma. Kwana huɗu yana fama, ya yi wa sandar maɗauri mai hawa da sauka, ya goge duk wani kaifi har ya yi santsi. Da ya mayar, Malam Isyaku ya ɗaga ya sauke, ya tura ya ga tayoyin suna tafiya ba ƙara.

"Yanzu ka yi aiki," in ji shi. "Ƙarfen ya rage?"

"Ya rage."

"To yi ta biyu. Ƙwayayen da aka yi saƙo za su isa, na duba."

Sai da damina ta kankama ƙwayayen suka iso daga Legas, cikin kwali an naɗe kowanne da tsumma. Malam Isyaku ya yi kwana biyu yana haɗa wayoyi. Ranar Talata aka ce su zo.

'Yardada ta zaci Bahijja ba za ta je ba, don tun ranar da ta baro asibitin ko hanyar ba ta sake bi ba. Sai ga ta ta fito da hijabinta tun kafin a gama karin kumallo. Suka tafi su uku da Maharazu. An yi ruwa da asuba, lunguna duk taɓo, suna tafe suna ɗage zani.

A bakin ɗakin jarirai Bahijja ta tsaya. Warin maganin wanke ƙasa ya bugo ta, ta dafa bango. Maharazu ya matso kusa da ita.

"In ba za ki iya ba mu tsaya a nan."

"Zan iya."

Suka cire takalma. Fitilu uku ne yanzu a jere, tsohuwar a tsakiya duk ta yi tsatsa, sababbin biyu farare tas a gefenta. Ƙarƙashin kowacce akwai jariri kwance, an rufe masa ido da auduga, ɗakin duk ya yi shuɗi. Ɗaya daga cikinsu, namiji, yana ta wutsil-wutsil da ƙafa. A gadon gefe wata jaririya tana barci da hula ruwan hoda wadda ta yi mata yawa har ta rufe kunnuwanta. Bahijja ta gane hular. Ta ɗan gyara mata ita da yatsa ɗaya.

"Tun jiya da yamma suke aiki," in ji Sista Larai. "An ɗauke wuta da safe, Malam Isyaku ya tayar da injin, ko minti biyar ba a yi ba. Yau ba mai jiran wani." Ta ɗauko wani ɗan gwangwanin fenti da buroshi. "Ofis sun ce a rubuta daga inda suka fito. Me za a sa?"

Bahijja ta sunkuyar da kai. 'Yarta ce ta fari, ba ta iya kiran sunan a gaban surukarta. Maharazu ma haka.

"Rubuta Nana A'isha Maharazu," in ji 'Yardada. "A ɗayar kuma ki sa matan Kabara da Soron Ɗinki."

"Da 'yan Ƙofar Ruwa, Inna," in ji Maharazu.

"Su ma a sa su, in wuri ya isa."

Wurin bai isa ba, sai da Sista ta gangara da rubutun har kan ƙafar fitilar. Tana cikin yi uwar yaron nan mai wutsil-wutsil ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya aka taru a kan ɗanta. Sista ta ce lafiya lau, baƙi ne, ta koma ta kwanta.

Da suka fito rana ta buɗe. Maharazu ya ce zai wuce kasuwa, akwai mai ƙofa da ke jiransa tun makon jiya. Su biyu suka kamo hanyar gida a ƙasa. Sun zo daidai wajen masu gurasa Bahijja ta rage tafiya.

"Inna, yunwa nake ji."

"Ba ki karya ba?"

"Na kasa ci ɗazu."

'Yardada ta sa aka yi musu bandashe na mutum biyu, ta ce a zuba ƙuli da yawa, ta tsaya a kan mai gurasar har sai da ya ƙara albasa. Suka ƙulle a leda suka ƙarasa gida. A tsakar gida suka zauna kan tabarma ɗaya suka ci, Bahijja ta cinye nata ta ƙara da rabin na surukarta. Malam Abdulbaƙi ya leƙo daga zaure ya tambaya yadda aka yi, suka gaya masa, ya ce madalla, Allah ya sa a amfana, ya koma wajen ɗalibansa.